Malama Mabruka, Mai Auna Abin da Ido Ba Ya Gani

Mu duka na Allah ne, kuma a wurinsa za mu tattaru. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Sha'aban, ina tsaye a sashen haɗari na asibitinmu ina ɗaure wa wani mai babur ƙafa, aka kira ni a waya aka ce Allah Ya karɓi ran Dakta Mabruka Abdussalam a gidanta da ke Soron Ɗinki. Na ƙarasa ɗaurin, don ba a barin rauni a buɗe. Daga nan na zagaya bayan ɗaki na zauna a kan dakali.

Sunana Zaituna Mikail, ma'aikaciyar jinya ce ni. Ni ba 'yar'uwarta ba ce ta jini, ban kuma zauna a ajinta na jami'a ba. Aiki ne ya haɗa mu, aikin da yawancin mutanen garin nan ba su san ana yin sa ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na sani, ko don 'ya'yanta su ji daga bakin wadda ta tsaya kusa da ita.

Malama, ke 'yar cikin gari ce gaba da baya. Kakanninki fatake ne da suka ƙetaro hamada daga arewa suka zauna a Kano, mahaifinki ya tsufa yana sayar da turare da yadi, ke kuma kika karanta kimiyya har kika ƙware a kan tururin nukiliya, wato wani haske da wasu sinadarai ke fitarwa, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma yana ratsa jiki. Da shi ake gasa ciwon daji a asibiti, da shi ake duba ko waldar bututun gas ta kamu da kyau. Kayan da ke fitar da shi kuwa a mota ake ɗauko su, su bi titin da kowa ke bi. Matan unguwarku ba su taɓa gane ainihin aikinki ba. Daktar da ba ta allura suke ce miki, ke kuma ki yi dariya ki amsa.

Ranar da na fara ganinki rana ce mara daɗi. Wani direba, Isyaku, ɗan Shahuci, ya ɗauko wasu ƙananan akwatuna na maganin da ake gwajin maƙoƙo da shi, zai kai wani asibiti. Taya ta fashe, motar ta ƙwace ta juye. Mutane suka rugo kamar yadda mutanenmu suka saba, har sun fara ɓalle ƙofa, sai wani ya hango alamar nan a jikin akwati, mai kunnuwa uku kamar na fanka, baƙi a kan ruwan ɗorawa. Ya ɗaga murya ya ce nukiliya ce. Nan take wurin ya watse. Har masu kaki suka ja da baya suka tsaya daga nesa. Isyaku yana maƙale a kujera, jini na zuba daga cinyarsa, yana kiran mutane su taimake shi don Allah. Kafin a sami mai ƙarfin halin jawo shi, jinin jikinsa ya kusa ƙarewa. A hannunmu ya cika.

Da yamma kika shigo sashenmu da na'urar awo rataye a kafaɗa, mayafinki duk ƙurar titi. Kin riga kin je wurin, kin auna akwatunan, kin tarar ko ɗaya bai tsage ba. Kika nemi a nuna miki gawar. Ni na yaye miki zanen. Kika daɗe kina kallonsa, sannan kika ce a hankali:

"Da an ɗaure masa cinyar nan da ɗankwali, da yanzu yana magana. Abin da ke cikin akwatin bai taɓa shi ba. Tsoronmu ne."

Washegari kika tambaye ni ko zan raka ki Shahuci mu yi wa mahaifiyarsa gaisuwa. Ba ki san su ba, ba su san ki ba. Muka je. A hanyar dawowa kika ce mini ba za ki sake zama a ofis kina jiran a kira ki bayan an gama mutuwa ba.

Daga nan kika fara yawon koyarwa. Ofishin 'yan kwana-kwana, wurin jami'an kiyaye haɗurra, tashoshin mota, ɗakunan jinya. Ni ce 'yar rakiyarki, ina nuna yadda ake tsayar da jini, ke kina bayanin yadda ake gane girman haɗari. Abin da kika fi nacewa a kai shi ne, duk wanda ya fara isa wurin da motar irin waɗannan kaya ta faɗi, dole ya san matakin da zai sa haɗarin, domin matakin ne ke faɗa wa kowa abin da zai yi: wa zai matso, wa zai ja baya, wa za a kira, ina za a kewaye da igiya. Littattafan da kika karanta da Turanci suke, cike da lambobi. Ke kuwa da murhu kike misali. Kika ce a ɗauka tukunya ce cike da garwashi. Idan ta faɗi amma murfinta na rufe, jikinta lafiya, wannan mataki na ɗaya ne, haɗarin mota ne kamar kowane, a ceci mai rauni, a janye kaya gefe. Idan ta tsage, zafi na fitowa, amma garwashin na ciki, na biyu ke nan: a ciro mai rauni da sauri, a ja da jama'a baya, a jira masu awo. Na uku shi ne garwashin ya fita, ko ma ba a san inda ya faɗa ba. Kika kan tsaya a nan ki kalli fuskokin mutane, ki ce wannan garwashin ba ya ja, ba ya hayaƙi, mutum zai riƙe shi a tafin hannu ya ji sanyin ƙarfe, sai bayan kwanaki ƙunar ta fito.

Wani direban tanka ya taɓa ce miki, to ai gara kullum a ce na uku ne, kowa ya gudu, an huta. Ba ki yi masa faɗa ba. Labarin Isyaku kika ba shi. Kika ce wanda ya rage wa haɗari girma zai iya kashe mutum, wanda ya ƙara masa girma shi ma zai iya kashe mutum, kuma babu wanda zai ɗauke maka nauyin zaɓin.

Ba ki taɓa zuwa aji hannu wofi ba. Alkaki kike kawowa cikin kwano, irin na gidanku, ki ce ciki da yunwa ba ya riƙe karatu. Ni kuma da lissafi ya tsorata ni tun ina makaranta, kika zaunar da ni a tsakar gidanki ranakun Asabar, kina tsinke zogale kina yi mini tambayoyi, har na iya karanta na'urar ba tare da gabana ya faɗi ba. Matan da likita ya ce sai an yi musu gashin ciwon daji da hasken nan, suka ƙi saboda an ce musu wuta ce za ta cinye su, mu kan turo su wurinki. Ki zauna da mace a tabarma ki yi ta bayani har sai ta yarda, wani lokacin ki raka ta da kanki ranar farko. Da yawansu suna nan da rai.

Yanzu sai in zo kan maganar Ƙofar Ruwa, wadda na san ko a gadon jinya ba ta bar zuciyarki ba.

Damina ce, an yi ruwa da safe, titi na santsi. Wata a-kori-kura ta wani kamfani da ke duba waldar bututu ta kauce wa mai adaidaita sahu, ta daki bakin kwalbati ta kife a gefen kasuwar ƙarafa. Kayan bayanta suka watse cikin taɓo: igiyoyi, akwatunan kayan aiki, da wani ɗan akwatin ƙarfe mai nauyi mai ɗauke da alamar nan. A cikinsa ne ake ajiye wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wanda shi ne garwashin. Wannan karon ba wanda ya gudu. Jami'in da ya fara isa ɗalibinki ne, ya sa aka ciro direba da abokin tafiyarsa, mu kuma muka zo da motar asibiti muka ɗauke su. Ya auna akwatin, ya kira ki a waya bayan Azahar, kina jami'a kina kula da masu jarrabawa. Ya ce akwati a rufe yake, bai tsage ba, ya karanta miki lambar da na'ura ta nuna, 'yar kaɗan ce. Kika ce Alhamdu lillahi, mataki na ɗaya ne, a buɗe hanya.

Muna cikin ɗinke wa direban goshi wayata ta yi ƙara. Ban taɓa jin muryarki haka ba.

"Zaituna, lambar nan ta yi ƙanƙanta. Akwatin da ke da kaya a ciki ba ya yin shiru haka. Tambayi direban, da suka tashi daga aiki, sun tabbatar abin ya koma ciki?"

Na tambaye shi. Ya kalli abokinsa, abokin ya sunkuyar da kai. Suka ce ruwa ne ya kore su daga wurin aiki, suka naɗe kaya a gurguje, ba su auna ba. Ashe ɗan ƙarfen ya cire ya maƙale a cikin tiyon da ake tura shi ta ciki, suka jefa tiyon a bayan mota. Aka duba kayan da aka tattara a gefen titi. Babu tiyo.

Na bar direban a hannun abokan aikina na hau babur na koma. Na tarar da ke tsaye a bakin kasuwa, mutum biyu sun sa ki a tsakiya. Ɗaya wakilin kamfanin ne, yana ta gumi, yana roƙon ki bar maganar a mataki na biyu, su nemi abin a hankali ba tare da an tayar da hankalin jama'a ba, kada sunansu ya ɓaci. Ɗayan Alhaji Abdulbaqi ne, shugaban 'yan kasuwar layin, dattijo mai kwarjini. Shi ba roƙo yake ba.

"Dakta, ɗazun nan aka ce ke da bakinki kika ce babu komai."

"Ni na faɗa, Alhaji. Kuskure na yi. Yanzu na ce mataki na uku ne."

"In na tashi mutane daga shagunansu da rana tsaka, aka bincika ba a ga komai ba fa?"

"Ka ce musu Mabruka 'yar Soron Ɗinki ce ta sa. Sun san gidanmu."

Sai Alhaji ya ce a kawo masa makullin masallaci, zai yi sanarwa a lasifika. Kika riƙe shi da magana kafin ya tafi, kika zaɓa masa kalmomi. Kada ya ce guba, kada ya ce bam, kada ya ce nukiliya, don kasuwar matsattsiya ce, in aka yi turmutsitsi za a tattake mutane. Ya ce kawai an rasa wani tiyo daga motar da ta faɗi, akwai ɗan ƙarfe mai cutarwa a cikinsa, duk wanda ya gani kada ya taɓa, ya zo ya faɗa, ba za a tuhume shi ba. Mutanen layin farko da na biyu kuma su fito a natse su tsaya bakin titi.

Suka fito suna gunaguni. Wasu na zagi a fili. Na ji wani yana cewa mata dai in suka yi boko sai su hana mutane neman abinci. Ko waiwayowa ba ki yi ba. Kika kunna na'ura kika shiga lungun farko, tsakanin tulin rodi da tsofaffin injina, kika ce in biyo ki daga baya-baya, kada in matso. Na'urar na ƙyas, ƙyas, jefi-jefi. Muka karya kwana, sai ta fara sauri. Muka ƙara gaba, ta koma kamar ana soya gyaɗa.

A ƙarshen lungun akwai wani ɗan shago na tsofaffin famfuna da guntayen bututu. Mai shagon, Malam Nata'ala, yana tsugune a ƙofa yana alwalar La'asar. Bai ji sanarwa ba, don shekarun da ya yi yana dukan ƙarfe sun tafi da rabin jinsa. Tiyon yana rataye a ƙusa a bayansa. Daga baya muka ji yadda aka yi. Da motar ta faɗi, ya ga hannaye sun yi yawa a kan kayan mutane, sai ya ɗauke tiyon ya kai shagonsa ya adana wa masu shi. Garin rataye shi, ɗan ƙarfen ya faɗo. Ya ɗauka ya jujjuya, ya ga abu mai ƙyalli, ya ce wannan in ya ɓata masu kaya za su yi asara. Ya sa a aljihun rigarsa na gefe.

Kika tsaya nesa da shi, kika miƙa na'urar wajen tiyon, kika dawo da ita wajensa. Na ga kafaɗunki sun sauka. Kika ɗaga murya iyakar ƙarfinki kika ce, "Baba, kada ka sa hannu a aljihu! Cire rigar ta ka, ka yar da ita nan, ka taho wurina!"

Ya gane da ƙyar. Da ya gane kuma sai ya ƙi. Dattijo ne, babu komai a ƙarƙashin rigar, ga mata biyu a gabansa. Yana ta tambayar laifin me ya yi, shi ajiya kawai ya yi. Kina ta roƙonsa, kowane numfashi abin yana cin cinyarsa. Alhaji Abdulbaqi, wanda ya biyo mu duk da an hana shi, shi ya cire babbar rigarsa ya ware ta, ya ce, "Nata'ala, ga sutura, taho." Sannan Malam Nata'ala ya tuɓe ya taho.

Ma'aikacin kamfanin da ya kamata ya ɗauke abin ya kasa don tsoro. Ke kika karɓi awartakinsa mai dogon hannu. Kika gwada motsin sau da yawa daga nesa, a kan wani tsumma, har hannunki ya saba. Sannan kika shiga da sauri, kika zazzage aljihun, kika ɗauki abin kika jefa cikin tukunyar dalma da kamfanin ya kawo, aka rufe. Na'urar ta lafa. Kika dawo kika jingina da bango, kika ce in ba ki ruwa.

A ranar Malam Nata'ala dariya ma yake yi. Ya shafa cinyarsa ya ce shi bai ji komai ba, an dai tayar da kasuwa a banza. Kafin Magariba ya fara amai. Asibitin da aka fara kai shi suka ƙi karɓarsa, ma'aikatan suka ce zai shafa musu. Kika je da kanki, kika kama hannunsa a gabansu kika riƙe, kika ce wanda hasken nan ya ratsa ba ya ɗauke da shi, kamar yadda wanda rana ta ƙona ba ya ƙona na kusa da shi. Suka ba shi gado. Bayan 'yan kwanaki cinyar ta yi ja, ta tashi ƙuraje masu ruwa, ta buɗe. Yatsun da ya jujjuya abin da su suka bi sahu. Na yi jinyar ƙuna iri-iri, ban taɓa ganin irin wannan ba. A wanke, a ɗaure, ya yi kamar zai haɗe, sai ya sake zurmawa ciki. Watanni ana fama. A ƙarshe likitoci suka yanke ƙafar, da yatsu biyu.

Ba wanda ya gode miki a lokacin. Waɗanda aka tasa daga shaguna suka ce kin kore musu masu saye, don an daɗe mutane na tsoron shiga layin. Wasu suka ce ai ke kika fara cewa babu komai, da kin yi magana daidai tun farko da mutumin nan na da ƙafarsa. Kamfanin ya ce maganarki biyu ce a rana ɗaya, don haka ba abar dogaro ba ce. Da aka kira ki gaban kwamitin bincike, na zaci za ki kare kanki. Kina da abin faɗa: ba ke kika naɗe kaya ba tare da awo ba, kuma kafin a kira ki ma abin ya riga ya shiga aljihu. Ba ki faɗi ko ɗaya ba sai da aka tambaye ki. Da kanki kika fara da cewa kin yanke hukunci a waya, kin ji lamba ƙarama kin yi murna, ba ki tambayi lambar da ya kamata a gani ba. Kika nemi a sa a cikin ƙa'ida cewa ba a sa haɗari a mataki na ɗaya sai an gwada awon da abin da aka rubuta a jikin akwati, kuma an ƙirga kayan motar an ga sun cika. Yau haka ake koyarwa.

Amma ke ba ki huce ba. Kullum lissafinki tsakanin kiran farko da na biyu yake. Ki ce da tun a kiran farko kika farga, da wataƙila tabo kawai Malam Nata'ala zai samu. Na tambayi likitan da ya yi masa aiki, ya ce mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma ba haka ba, ba wanda zai iya rantsewa. Na kawo miki wannan amsar ina zaton za ta sanyaya miki rai. Kika ce ai rashin tabbas ɗin ne ke hana ki sukuni. Duk Juma'a kina gidan Malam Nata'ala da kwanon abinci. Ke kika yi ta zirga-zirga har aka yi masa ƙafar roba, ke kika tsaya har kamfanin ya ɗauki nauyin da ya hau kansa. Duk da haka in muka bi ta Ƙofar Ruwa a mota sai ki kau da kai har mu wuce.

Da ciwon ya same ki, ni kika fara faɗa wa, a tsakar gida, kamar kina ba ni labarin wata. Ciwon daji ne na mama, irin wanda ya ɗauki mahaifiyarki da ƙanwarta. Ke da kika lallashi mata da yawa suka yarda da gashi, sai ga shi kin shiga layin da kanki. Yau a ce injin ya lalace, gobe a ce sai an tafi wani gari. Ba ki taɓa neman a tsallake da ke ba, ko da yake masu kula da injin ɗalibanki ne. Tun a lokacin na fara jin ƙus-ƙus a unguwa, wai abin nan na Ƙofar Ruwa ne ya shiga jikinki. Likitocinki sun ce ba shi ba ne. Abin da jikinki ya sha a ranar an auna shi, bai kai ya jawo haka ba. Kin ji maganar, kika ce in bar su, tsoro ba ya jin bayani sau ɗaya.

Ban zaci abin zai biyo ki har ranar ƙarshe ba. Da na isa gidanki ran Talata, tsakar gida cike take da mata, ana ta kuka, amma ƙofar ɗakinki babu kowa. Matan da suka saba yi wa mamatan unguwa wanka suna zaune can gefe, kowa na kallon ƙasa. Wata ta jawo ni ta raɗa mini cewa ba ƙi suka yi ba, tsoro suke ji, suna da ƙananan yara. Ko zan kawo na'urar nan in gwada tukuna?

Malama, ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na so in yi musu ihu. Na aika aka tambayi maigidanki, Malam Salihu, a zaure. Ya aiko cewa in yi, da kina iya magana da ke za ki fara cewa a auna.

Kafin a ɗauko na'urar daga ɗakin karatunki, Baba 'Yardada, tsohuwar maƙwabciyarku da ke tafiya da sanda, ta miƙe. Ta ce ita ba ta san wata na'ura ba, ita ta yi miki wankan jego na ɗanki na fari, kuma ba za a bar 'yar mutane kwance ana shawara a kanta ba. Ta ce a kawo mata ruwa da magarya. Ta shige ɗakin ita kaɗai.

Na bi ta da na'urar a hannu. Na bar labule a ɗage don na waje su ji. Na kunna, na bi da ita daga kanki har ƙafafunki, a hankali, yadda kika koya mini, hawaye na hana ni ganin lambar. Ba ta nuna komai ba sai abin da take nunawa a kowane ɗaki na garin nan. Na fito na nuna musu. Ɗaya ta tashi, sannan wata, suka shiga suna neman gafara. Har yau ban sani ba ko daidai na yi. Wani lokacin in ga na kare miki mutunci, wani lokacin in ga na bari an tuhumi gawarki a gidanki.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ina fita ta zaure, na ga Malam Nata'ala zaune a bakin tabarma, sandunansa a jingine da bango. An ce tun daga ƙofar gida har kabari bai yarda an ɗora shi a babur ba. Ya gane ni, ya yafito ni da hannun nan mai yatsu uku.

"Malama Zaituna, ki gaya wa 'ya'yanta. Sau uku tana cewa in yafe mata. Ni har yau ban san abin da zan yafe ba. Da ba ta shigo lungun nan ba, da rigar zan koma gida, jikokina su hau cinyata."

Ina ma kin ji wannan da kunnenki kin yarda. Na san ya sha faɗa miki, na kuma san ba ki taɓa karɓa ba.

Abin da ke damuna yanzu ba rashinki kaɗai ba ne. Motocin nan ba su daina wucewa ba, sai ma ƙaruwa da suke yi. Yawancin jami'an da kika koyar an yi musu canjin wurin aiki, sababbin da suka zo ba su taɓa ganin alamar ba. Na'urorin da ke aiki a garin nan ba su da yawa, wasu batirinsu ya mutu a cikin kabad. Waɗanda suka san ilimin suna nan a jami'a, amma ban san wanda zai bar ofis ya tsaya a tashar mota cikin rana yana yi wa direbobi bayani da Hausa ba. Ina kira ga ɗalibanki da hukumomin da abin ya shafa, kada a bar aikin nan ya bi ki kabari. Ni abin da na iya kaɗan ne, amma ba zan ajiye shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Salihu, wanda ya yi jinyarki da haƙurin da ban taɓa gani ba, da 'ya'yanki Amir da Aminat, da ƙaninki Nazeer, da dukkan zuri'ar Abdussalam, da jama'ar Soron Ɗinki. Allah Ya ba ku juriya, Ya tsaya muku a inda take tsaya muku.

Ya Allah, baiwarka Mabruka ta zo gare Ka. Ka gafarta mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba. Ka karɓi rayukan da Ka tsirar ta hannunta a matsayin shaida gare ta. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka haɗa ta da iyayenta a Aljannar Firdausi. Nauyin da ta ɗora wa kanta tun ranar Ƙofar Ruwa, wanda mu muka kasa sauke mata, ya Mai rahama, Ka sauke mata shi. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.